Gargaɗi Ga 'Ya, Shiru Ga Ɗa

Wata ranar Talata da hantsi ina zaune a gefen zauren hakimi da littafina na rubuta ƙararraki, sai ga wani dagaci ya shigo da dattawa biyu. Na farko manomi ne, 'yarsa na biye da shi, yarinya wadda ba ta wuce shekara 15 ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na biyu ɗan tireda ne, shi kuma da ɗansa, saurayi mai kamar shekara 19. Suka faɗi suka yi gaisuwa, dagaci ya kawo magana. Yarinya na da ciki wata huɗu, ta ce na saurayin nan ne, shi kuwa bai musa ba.

Hakimi ya dubi uban yarinya ya ce, "Malam, ba ku yi mata faɗa ne a gida?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, uwarta ba ta da wani aiki safe da yamma sai ja mata kunne. Tun ran da ta fara girma a ke gaya mata ta kiyayi maza."

Hakimi ya juya wajen ɗan tireda ya ce, "Kai fa, ka taɓa zaunar da ɗanka ka gaya masa abin da ya halatta da abin da ya haramta tsakaninsa da 'ya'yan mutane?"

Mutumin ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai namiji ne. Me zan gaya masa?"

Na rubuta maganar kamar yadda ya faɗe ta, aka aika da su gaban alƙali, aka shiga wata ƙara. Amma ni maganar nan ta bi ni har gida. Da na zauna cin tuwo da dare na dubi 'ya'yana, maza da mata, sai na ga da ni hakimi ya yi wa tambayar nan, ba ni da wata amsa wadda ta fi ta ɗan tireda. Dalilin da ya sa ke nan na ga ya kamata mu zauna, ni da kai mai karatu, mu auna al'amarin nan a hankali. Shin daidai ne iyaye su cika kunnen ɗiya da gargaɗi a kan sha'anin balaga da aure, ɗa namiji kuwa su bar shi ya koya a titi?

Bari mu fara da duban yadda a ke yi a gidajenmu, don kowa ya ga ko na yi ƙari.

Yarinya tun tana ƙarama uwa ke koya mata yadda a ke zama da yadda a ke ɗaura zane. In ta fita talla a ce kada ta shiga ɗakin kowa, kada ta kai magariba. Ran da ta fara ganin al'ada, uwa ko gwaggo ko kaka ta jawo ta ɗaki, ta nuna mata yadda za ta tsabtace kanta, sa'an nan ta rufe da magana guda, wai daga yau in namiji ya taɓa ta, ciki ne. Ba a gaya mata yadda cikin ke samuwa ba, ba a gaya mata abin da za ta yi in wani babba ya matsa mata ba. Tsoro aka ba ta, aka hana ta bayani. Ran da za a kai ta ɗakin miji kuma, iyaye da gwaggwanni su kewaye ta da nasiha, a ce ta yi haƙuri, yi na yi, bari na bari, har ta yi ta kuka.

Yaro kuwa, iyakar kulawar da a kan yi wa jikinsa ita ce ranar kaciya. Wanzami ya yi aikinsa, a yi jinya, a warke, shi ke nan. In ya tasa a fitar da shi daga ɗakin uwarsa zuwa zaure ko shago, wurin samari. Muryarsa ta buɗe, ya fara mafarki, ba wanda ya ce masa uffan. Uwa na ganin ba huruminta ba ne, uba na ganin nauyi. Ran aurensa ma, amarya na can ana yi mata wa'azi, shi yana nan cikin abokai ana ba'a da shewa, mai tallan maganin ƙarfin maza na raɓe a bakin ƙofa. Watau ranar da aka ɗora masa 'yar mutane, ranar ce aka fi ƙarancin gaya masa gaskiya.

In ka lura za ka ga bambanci iri biyu a nan. Akwai bambanci wajen mai magana, domin uwa ce ke yi, uba ya yi gum. Akwai kuma bambanci wajen wanda a ke yi wa, domin ɗiya ce ke ji, ɗa ya wuce. Ba kuwa mu kaɗai ke da wannan hali ba. Masu binciken zaman iyali a ƙasashe da dama, har da Amurka da Ingila, sun sami abu mai kama da haka, iyaye mata sun fi iyaye maza yin maganar, 'ya'ya mata sun fi jinta, kuma abin da a ke gaya wa mata ya fi karkata ga hani da tsoratarwa. Amma kasancewar ciwo ya game gari ba ya mai da shi lafiya.

Kafin mu ɗora wa iyaye laifi, wajibi ne mu ji hujjarsu, gama ba wauta ce ta sa su yin haka ba.

Hujja ta farko kunya ce. Mu mutane ne waɗanda uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, uba ba ya wasa da shi a gaban jama'a, sau da yawa ma a kan ba da shi riƙo wurin kakanni. Wanda bakinsa bai iya furta sunan ɗansa ba, yaya zai iya zaunar da shi ya yi masa zancen janaba? Kunyar nan kuwa ba abin zubarwa ba ce. Ita ce ta sa yaro ke durƙusa wa babba, ita ce ta sa ba a ɓarin baki a gaban surukai, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa ta cikin rassan imani.

Hujja ta biyu ita ce, in ɓarna ta auku, a jikin mace ta ke bayyana. Ita ke ɗaukar ciki wata tara, ita ke barin makaranta, ita a ke nunawa da baki a bakin rijiya, ƙannenta mata ma abin ya shafi aurensu. Namiji kuwa ya karkaɗe rigarsa ya shiga kasuwa. Kowa ya tuna shari'ar da aka yi a Bakori ta Jihar Katsina a 2002, inda aka yanke wa wata mata hukuncin jifa don ta haihu ba ta da miji, mutumin da ta ambata kuwa ya yi rantsuwa aka sallame shi, har sai a 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin. Uwar da ta ga irin wannan, in ta fi matsa wa 'yarta, ba za a ce ba ta da dalili ba. Inda a ke tsoron yoyo nan a kan fara kai tulu.

Hujja ta uku ita ce tsoron buɗe wa yaro ido. Waɗansu na cewa abin da yaro bai sani ba ba ya nemansa, in ka gaya masa ka nuna masa hanya.

To, duk mun ji. Yanzu sai mu ɗora hujjojin nan a kan ma'auni, mu fara da na addini, tun da shi ne kowa ke fakewa da shi.

Wanda ya sauke Alƙur'ani, ko ya saurari tafsiri da azumi, ya san cikin Suratun Nur an umurci masu imani da runtse ido da tsare farji. Amma mutum nawa suka lura da wanda aka fara ambata? Aya ta 30 da maza ta ke magana, sai a ta 31 aka zo kan mata. A farkon surar kuma, da aka faɗi hukuncin zina, ba a rage wa namiji ko bulala ɗaya ba. Da Allah ya so ya ba mu misalin kamun kai, ya ba mu Nana Maryamu cikin mata, ya kuma ba mu Annabi Yusufu, saurayi kyakkyawa, a gidan da ba na ubansa ba, an kulle ƙofofi, ya gudu har aka yage masa riga ta baya. Sura guda cur aka saukar da labarinsa. Har wa yau maganar haila, wadda mu ke cewa zancen mata ne, tana cikin Suratul Baƙara aya ta 222, kuma maza a ke umurta a wurin, a ke gaya musu abin da za su nisanta. Yaranmu maza na rubuta ayoyin nan a allo suna wankewa, mu kuwa muna jin nauyin fassara musu.

An ruwaito kuma wani saurayi ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi a yi masa izinin zina. Jama'a suka taso masa. Annabi bai kore shi ba, ya sa aka matso da shi kusa, ya tambaye shi ko zai so a yi wa uwarsa haka, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko gwaggonsa. Ko wacce aka ambata sai saurayi ya ce a'a. Aka nuna masa haka sauran mutane ma ba su so, sa'an nan aka yi masa addu'a. Ka ga a nan namiji ne aka zaunar, aka yi masa magana a fili, cikin taushi, aka kuma bi da shi ta hanyar hankali.

Dubi kuma littattafan da mu ke karantawa a zaure. Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ba ka nisa cikinsu sai ka tarad da babin tsarki, da abin da ke karya alwala, da abin da ke wajabta wanka. Risala kuwa, wadda Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya ya wallafa, shi da ya rasu a shekarar 996, don koya wa yara aka yi ta, kuma tun a gabatarwa ya nuna ya kamata a sanar da yara abin da zai wajaba a kansu tun ba su balaga ba, don balaga ta same su sun riga sun saba. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa alamun balaga, watau mafarki, da haila, da ciki, da tsirowar gashin mara, in babu ko ɗaya kuwa sai cikar shekara 18. Daga ran da alama ta bayyana alƙalami ya hau kan mutum, namiji ne ko mace. To, yaron da ya yi mafarki yana ɗan shekara 13, bai san wanka ya hau kansa ba, ya yi ta salla haka nan shekara biyu ko uku, wa za a tambaya? Uban da ya ce ai namiji ne, shi ya kamata ya tanadi amsa.

Ma'auni na biyu na hankali ne. Ɓarnar nan da mu ke tsoro mutum ɗaya ba ya yinta. Ko wace yarinya da aka kawo gaban hakimi da ciki, akwai ɗan wani gida da ya yi shi. In dukan gidajen unguwa suka tsare 'ya'yansu mata, suka saki maza ba linzami, sun zama kamar mutanen da kowa ya gyara shingen gonarsa, sa'an nan kowa ya kwance awakinsa da dare. Gari ya waye a yi ta kukan ɓarna, alhali kuwa ko wane mai kuka akuyarsa na cikin gonar maƙwabci. Ɗanka da ka ƙyale shi ne haɗarin da maƙwabcinka ke yi wa 'yarsa gargaɗi a kansa, ɗansa kuma shi ne haɗarin taka. Hujjar nan ta cewa a jikin mace abin ke bayyana, in ka juya ta, sai ka ga ita ce ma babban dalilin yi wa namiji magana. Wanda zai iya yin ɓarna ya tsira daga idon mutane, ai shi ya fi bukatar a dasa masa tsoron Allah a zuci, gama ba shi da wani mai tsaro sai shi.

Akwai kuma wani darasi da shirun nan ke koyarwa ba da saninmu ba. Yaro na zaune yana ji ana yi wa ƙanwarsa faɗa kullum, shi ba a ce masa kome. Abin da zai fahimta shi ne, tsare mutunci aikin mata ne, in an sami akasi laifinsu ne. Da wannan fahimta zai girma, da ita zai yi zance, da ita zai yi aure, da ita kuma wata rana zai tsaya gaban hakimi ya ce ai namiji ne.

Ma'auni na uku na lafiyar jiki ne, nan kuwa likitoci sun gaya mana abubuwan da kakanninmu ba su sani ba. Ciwon sanyi da tunjere da ƙanjamau ba su tambayar ko kai namiji ne. Ƙanjamau, wadda aka fara ba da labarin samunta a Nijeriya a 1986, mutum na iya ɗauke da ita shekaru yana tafiya garau, ba a ganewa sai an auna jini. Akwai maganin da ke danne ta, mutum ya rayu ya yi aikinsa, amma shansa na har abada ne. Ciwon sanyi kuwa sau da yawa ba ya nuna alama a jikin mace, sai ya yi ta cinta a ɓoye har ya toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Saurayi ya ɗebo shi a waje cikin jahilci, ya kai wa amaryar da ta tsare kanta, shekara ta yi shekara ba haihuwa, dangi su ce juya ce, a yi mata kishiya ko a sake ta. Dubi wannan zalunci, ka kuma dubi inda ya faro. Saboda irin wannan ne Jihar Kano ta kafa doka a 2024 ta auna lafiyar masu niyyar aure kafin a ɗaura. Amma doka a bakin ƙofar aure ta ke tsayawa, abin da ya faru shekara biyar kafin nan sai tarbiyya.

Haka kuma yoyon fitsari, wanda a ke jinyarsa a asibitin Babbar Ruga a Katsina da waɗansu wurare. Mafi yawansa daga doguwar naƙuda ya ke samuwa, kan jariri ya tokare, ya danne mafitsara har ta huje, ya fi kuma kama waɗanda ƙugunsu bai gama buɗewa ba. A gidajenmu da yawa mace ba ta fita zuwa asibiti sai da izinin miji. In mijin nan ba wanda ya taɓa gaya masa haɗarin da ke cikin haihuwa, sai ya zauna a zaure yana jira, yana cewa ai haka mata ke yi, har a makara. Jahilcin namiji a nan a jikin mace ya ke fashewa.

Sa'an nan ga wani abu mai ɗaci wanda ba mu son ji. Ba 'yan mata kaɗai miyagu ke lalatawa ba, har da yara maza. Galibi kuwa mai yin haka ba baƙo ba ne, wanda yaro ya sani ne, ya kuma amince da shi. Yarinya ko ba kome an ce mata ta kiyaya. Yaro ba a taɓa gaya masa jikinsa na da hurumi ba, ba a taɓa ce masa in wani ya yi maka kaza zo ka gaya mini ba. Sai ya haɗiye abin, ya girma da shi.

Kada kuma mai karatu ya zaci ita ɗiyar an ba ta hakkinta cikakke. Gargaɗi daban, ilmi daban. Yawancin 'yan mata kan fara al'ada tsakanin shekara 10 da 15, da yawa kuwa abin kan zo musu ba shiri, yarinya ta ga jini ta ɗauka ciwo ne, ko ta ɓoye don tsoron a ce ta yi wani abu. An ce mata taɓawa ciki ne, ran da wani ya riƙe hannunta ba ta ga ciki ba sai ta ɗauka duk maganar uwarta tatsuniya ce. Da an gaya mata gaskiya, cewa saduwa ko sau ɗaya na iya zama ciki, har ma ga wadda ba ta riga ta ga al'adarta ta fari ba, da ta san inda ramin ya ke. Mafi muni, tsoron da aka cusa mata shi ke rufe mata baki ran da ta fi bukatar magana. Wadda aka ce za a yanka ta in ta jawo abin kunya, in wani ya fi ƙarfinta, wa za ta gaya wa?

Magabatanmu ba haka suka bar mata ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya zargi malaman zamaninsa cikin littafinsa Nurul Albab a kan suna koyar da almajirai a waje, sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, ba su san ko hukuncin tsarkinsu ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'yan taru, tana naɗa jajis, watau dattijan mata masu ilmi, suna bin ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu addini. Tun kafin su kuma, Ummu Sulaim ta tambayi Annabi a fili ko wanka na wajaba a kan mace in ta yi mafarki, aka ba ta amsa, Nana A'isha kuma ta yabi matan Madina don kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba.

Saura hujjar buɗe ido. Wataƙila tana da ƙarfi a zamanin da yaro ba ya jin kome sai abin da aka faɗa a dandali. Yau kuwa wayar hannu na cikin aljihun ɗan shekara 14, in ba shi da ita abokinsa na da ita, abin da ke cikinta kuwa ba ya sallama kafin ya shigo. Zaɓin da ya rage wa uba shi ne, ko ɗansa ya fara ji daga bakin mai ƙaunarsa, ko ya fara gani daga hannun wanda bai damu da shi ba. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa a kan koya wa yara wannan fanni a makaranta, ta fitar a 2009, ta sabunta a 2018, abin da aka gani kuwa shi ne koyarwar ba ta sa yara gaggawar faɗawa cikin abin, sau da yawa ma jinkirta su ta ke yi. Rashin sani ya fi dare duhu, wanda ke tafiya cikin duhu kuwa shi ke faɗawa rijiya.

To, yaya za mu yi da kunya? Ba na cewa a yar da ita. Akwai labarin da ya warware mini wannan ƙulli. Sayyadina Aliyu ya kasance yana da wata matsala ta tsarki, watau yawan fitar maziyyi, yana son ya san hukunci, amma yana jin nauyin Annabi domin yana auren 'yarsa Nana Faɗimatu. Ka ga kunyar suruki ke nan, irin tamu sak. Bai fasa neman sani ba, bai kuma keta kunyar ba. Sai ya aiki Miƙdadu ya tambayo masa, aka ba da amsa, har yau muna amfani da ita. Kunya ta gari takan nemi ɗan aike. Wadda ke binne tambaya gaba ɗaya, sunanta sakaci, ko da ta sa rigar kunya.

Mu kuwa Allah ya hore mana 'yan aike a cikin gida. Akwai kawu, akwai baffa, akwai gwaggo da inna. Akwai kaka, wanda al'ada ta ba shi izinin wasa da jika, har ya faɗi abin da uba ba ya iya faɗi. Akwai malamin zaure, akwai ma'aikatan asibiti. Uban da ba zai iya da bakinsa ba, sai ya je wurin ƙaninsa ko ƙanin matarsa ya ce, "Wane ya fara girma, ina so ka zauna da shi." Bayan kwana biyu ya tambaya ko an yi. Nauyin na kansa har sai ya tabbata saƙo ya isa.

Abin da ya kamata ya bambanta tsakanin ɗa da 'ya kaɗan ne. Mace ta fi dacewa ta yi wa yarinya bayanin jikinta, namiji ya yi wa yaro. Amma gindin magana ɗaya ne, lokacinta ma kusan ɗaya. A shekara 7, sa'ad da a ke fara umurtarsu da salla, a koya musu tsarki da suturta al'aura, da neman izini kafin shiga ɗakin iyaye a lokatai uku da Suratun Nur ta ambata, watau kafin asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan lisha. A gaya wa ko wannensu ba mai ikon taɓa masa al'aura, in wani ya gwada ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba. A shekara 10, sa'ad da a ke raba musu wurin kwana, a gaya musu canjin da ke tafe tun bai zo ba, da yadda a ke wanka. In sun balaga a yi musu bayanin yadda ciki ke samuwa, da cututtuka, da hukuncin Allah, ba ƙari ba ragi. In aure ya zo, yadda a ke zaunar da amarya haka za a zaunar da ango, dattawa su gaya masa hakkin mace a kansa, da tausasawa, da kai ta awo in ta sami ciki, su tuna masa Suratun Nisa'i ta umurci maza su zauna da matansu da kyautatawa.

Uba kuma kada ya ce ba ruwansa da 'yarsa. Ba sai ya yi mata zancen haila ba. Ya isa ya ce mata, "Uwata, duk wanda ya tsare ki da maganar banza, ko wane ne shi, ki gaya wa innarki ta gaya mini, ni ne gatanki." Yarinyar da ta ji wannan daga bakin ubanta ta sami garkuwar da faɗan shekara goma bai ba ta ba.

Ni dai bayan kwana uku da zaman nan na zauren hakimi, na kira babban ɗana bayan sallar lisha, na ce ya raka ni gona da safe. Muna tafe ina gaba yana baya, don na ga ya fi mini sauƙi in yi magana ba mu haɗa ido ba. Na yi ta kewaye-kewaye, harshena ya yi nauyi kamar dutse, daga bisani dai na faɗi abin da ya sawwaƙa. Na tambaye shi ko ya san abin da ke wajabta wanka. Ya yi shiru har muka wuce wata kuka, sa'an nan ya ce, "Baba, na daɗe ina son in tambaya, ban san wanda zan tambaya ba." Shekararsa 15 a lokacin. Na lissafa shekarun da na bar shi cikin wannan hali, kunya ta kama ni, irin wadda ta kamata ta kama ni tun tuni.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, kuma ba a ce na mace kaɗai ba. Kai da Allah ya ba ka ikon karanta wannan da idonka, kana da abin da iyayenmu da yawa ba su samu ba, gama kana iya buɗe littafi ka duba abin da ka manta, ka kuma karanta wa maƙwabcinka. 'Ya'ya amana ne, maza da mata, kuma ko wane makiyayi za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana, amin.